Hoton jijiyoyin ido ba tare da allura ba: ribarsa tana ga mai komawa

 

Makanta iri biyu ce a wajenmu. Akwai wadda kowa ke iya gani da idonsa: yana ta rufe baƙin idon tsoho ya koma fari, ko amodari ya juyar da gashin ido yana kartar ƙwayar har ta dushe. Wannan mun san ta, mun san sunanta, kuma in aka yi shelar zuwan likitocin ido mun san wanda za mu ɗora bisa babur mu kai. Ta biyun ita ce mai ban tsoro. Ido fes, farin na nan fari, baƙin na nan baƙi, babu ja, babu kwantsa, babu ciwo, amma mai shi ya ce maka fuskar ɗansa ta fara ɓace masa. A nan ne ake fara zargin jifa, ko a ce tsufa ne kawai. Alhali sau da yawa ɓarnar tana can bayan ƙwayar ido, cikin wasu siraran hanyoyin jini da ba a iya gani sai da na'ura.

Mu da ke gabatar da shiri a rediyo, duk ranar da muka gayyato likitan ido muka buɗe layi, kiran da ke shigowa kusan kala ɗaya ne. "An ce ba yana ba ce." "An ce aiki ba zai yi ba, wai matsalar a baya take." "Mun sayi lunet har uku a kasuwa, babu wanda ya yi masa." In likita ya tambaya ko mai ciwon yana da diyabet, ko tansiyo, ko emasi, sai ka ji an ɗan yi shiru, sannan a ce: "E, yana da suga, amma ai ya daɗe da shi." To wannan daɗewar ita ce tushen maganar. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu zauna mu yi bayanin wata hanyar duba ido da ta fito cikin shekarun nan, wadda ke nuna jijiyoyin jinin bayan ido ba tare da an huda fata ba, mu kuma faɗi inda ta shafe mu.

Mu fara da wurin da abin ke faruwa. Waɗanda suka yi lise za su tuna da zanen ido a darasin kimiyyar rayuwa, da wani siririn layi can baya da aka rubuta ma "rétine". Mu kira shi tantanin gani. Shimfiɗa ce da ta manne a bangon bayan ido daga ciki, kaurinta bai kai rabin milimita ba. Ita ke karɓar haske ta mai da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Gaban ido, inda yana ke fitowa, taga ce kawai. A wannan shimfiɗar ake yin ganin. Kuma a tsakiyarta akwai wani ɗan fili da ake kira makula, wanda da shi muke karatu, da shi muke zura zare a allura, da shi muke gane fuskar mutum da lambar kuɗi. Sauran gefen yana taimaka mana ne wajen ganin abin da ke gilmawa dama da hagu.

Wannan shimfiɗa tana da cin abinci ƙwarai, jini kuma shi ke kawo mata. Duk wanda ya taɓa shiga lambunan Jiratawa ko na Konni ya san yadda ruwa ke tafiya: babban kanal, sai ya rabu zuwa matsakaita, sai ƴan ƙananan hanyoyi da ke kai ruwa ga kowane fangali. Haka jinin ido yake. Ƙananan hanyoyin nan faɗinsu mikron 5 ne zuwa 10, mikron ɗaya kuwa shi ne ka raba milimita gida 1000. Gashin kai ɗaya ya ninka su kauri sau da yawa. Saboda ƙanƙantarsu, jajayen ƙwayoyin jini ma layi suke yi, ɗaya bayan ɗaya, kafin su wuce. Wani abin mamaki, bayan ido ne wurin da likita ke iya kallon jijiyoyin jinin mutum kai tsaye ta cikin ɗan baƙin ido ba tare da ya yanka ba. Tun 1851 wani masanin Jamus, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin leƙa cikin ido, kuma jikokin wannan madubin ne ake haska mana har gobe.

To me suga ke yi ma waɗannan hanyoyi? In ya daɗe yana sama cikin jini, bangonsu yakan yi rauni. Wasu su kumbura su yi ƴan ƙulli, su dinga yoyon ruwa da jini; in yoyon ya taru a makula sai ta kumbura, gani ya yi hazo. Wasu kuma su toshe gaba ɗaya, fangalin da suke shayarwa ya bushe. Wurin da ya rasa jini sai ya dinga fitar da wani sinadari na neman agaji, jiki ya amsa da tsiro da sababbin jijiyoyi. Sai dai sababbin nan aikin gaggawa ne, ba su da ƙwari. Rana ɗaya suna iya fashewa jini ya cika cikin ido, ko su yi tabo su janye tantanin daga bangonsa. A lokacin ne mutum ke kwana lafiya ya tashi da duhu, a ce farat ɗaya abin ya zo, alhali shekaru ya yi yana tafe a hankali.

Emasi, wato sikila ko amosanin jini, ita ma haka take yi ta wata fuskar. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje suna maƙalewa a ƙananan hanyoyi, musamman na can gefen tantanin. Daga baya sababbin jijiyoyi su tsiro a bakin wurin da ya bushe, su bazu kamar mafici. Abin da iyaye da yawa ba su taɓa ji ba shi ne: masu nau'in SC, waɗanda ciwon ƙashinsu bai kai na masu SS tsanani ba, su ne suka fi kamuwa da wannan matsalar ta ido. Ga shi nau'in C ɗin a nan Afirka ta Yamma ya fi yawa. Yaro na nan ana cewa ai nasa mai sauƙi ne, ba a kai shi likita sosai, ido kuwa na can yana cin wuya. Tansiyo ma tana taɓa waɗannan jijiyoyi, tana iya kai wa ga toshewar babbar hanyar da ke kwashe jini daga ido. Akwai kuma ciwon makula na tsufa, inda wasu jijiyoyi ke tsirowa daga ƙarƙashin tantanin.

Kada a ɗauka maganar mutum ɗaya ko biyu ce. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Manyan bincike na duniya sun nuna cewa tsakanin mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na masu suga, ciwon ya riga ya taɓa tantanin idonsu. Ku ƙirga masu suga nawa kuka sani a unguwarku, sannan ku ƙirga nawa ne aka taɓa leƙa bayan idonsu.

Shekara da shekaru, in likita na son ganin yadda jini ke gudana a ido, hanya ɗaya ce babba: a yi ma mutum allurar wani rini mai suna fuloresin a jijiyar hannu. Wasu ɗaliban likitanci biyu na Jami'ar Indiana a Amurka, Harold Novotny da David Alvis, su suka ƙirƙiro dabarar, suka fara gwada ta a jikin ɗayansu, aka buga aikin a 1961. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 rinin ya isa ido, sai a yi ta ɗaukar hoto na tsawon wasu mintoci. Kamar ka zuba shuni a bakin kanal ne ka tsaya kana kallon inda ya bi, inda ya tsaya, da inda ya ɓalle ya malala. Dabara ce mai kyau, har yau ana amfani da ita, kuma ta ceci idanu da yawa. Amma tana da nauyinta. Wasu sukan ji tashin zuciya, wasu su yi amai. Fata takan yi rawaya na wasu awoyi, fitsari ya canza launi kwana ɗaya ko biyu. Jefi-jefi akwai wanda jikinsa ke ƙin rinin har a shiga gaggawa, shi ya sa sai da ma'aikaci da magani a kusa. Mai ciki yawanci akan kauce mata. Ga tsoron allura, ga lokaci. Abu ne da ba za ka so a yi maka shi duk wata ba.

Sabuwar hanyar ta faro ne daga wata na'ura da ake kira OCT, wadda za ku ji likitocinmu na furtawa "o-se-te". A 1991 wasu masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka, cikinsu har da David Huang da James Fujimoto da Eric Swanson, suka bayyana ta ga duniya, kuma a 2023 mutanen uku suka karɓi lambar yabo ta Lasker saboda ita. Matanmu sun san eko da ake yi ma mai ciki: na'ura ta aika sauti, ya dawo, ta zana hoton jariri. OCT haka take, sai dai ita haske take aikawa, wani haske mai taushi da ba ya ƙuna, ta auna yadda ya dawo daga kowane zurfi. Da haka take nuna tantanin gani a yanke, hawa-hawa, kamar ka yanka albasar Galmi ka ga zobenta. In makula ta kumbura, na'urar za ta faɗi kaurinta da lamba.

Daga nan sai aka ƙara mata wata dabara. A 2012 Yali Jia da David Huang, a jami'ar kiwon lafiya ta jihar Oregon, suka fitar da wani tsarin lissafi da ya taimaka ƙwarai wajen sa na'urar ta nuna gudun jini da kanta, ba tare da rini ba. Wajen 2014 zuwa 2016 kamfanoni irin su Optovue da Zeiss suka fara sayar da na'urorin ga asibitoci. Sunan wannan hoto OCT-A, wasu likitoci kuma su rubuta "angio-OCT" bisa ordonas.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. A ce ka hau saman bene kusa da kasuwar Dole ta Damagaram ranar cin kasuwa, ka ɗauki hoto, ka ƙara ɗaukar wani nan take daga wuri ɗaya. In ka haɗa hotunan biyu, rumfuna da gine-gine suna nan inda suke. Abin da ya canza wuri su ne kabu-kabu da amalanke da masu tafiya. In ka goge duk abin da bai motsa ba, ka bar wanda ya motsa, me zai rage? Taswirar hanyoyin da ake bi. Lungun da aka toshe kuwa zai fito baƙi, tunda ba mai wucewa. To haka na'urar ke yi. Tana auna wuri ɗaya sau da yawa cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, awo dubu 70 ko fiye a daƙiƙa guda. Naman ido yana tsaye, ƙwayoyin jini suna tafiya, kwamfuta ta ware masu tafiyar ta zana hanyarsu. Jinin mutum shi ya zama rinin kansa.

Shi kuwa mai ciwo, abin da zai gani kaɗan ne. Zai zauna, ya ɗora haɓa bisa wani ɗan marfi, ya jingina goshi, a ce ya kalli wani ɗigon haske kada ya motsa ido. Daƙiƙa kaɗan an gama ido ɗaya. Babu abin da ke taɓa ƙwayar, babu allura, babu zafi. Wani lokaci akan ɗiga magani a buɗe baƙin ido, wani lokaci ma ba a buƙata. A allon kwamfuta sai ga wani ɗan fili na milimita 3 bisa 3, ko 6 bisa 6, jijiyoyi fari-fari kamar saiwar gero da aka tuge aka wanke. Likita na iya duba hawa na sama daban, na ƙasa daban, abin da hoton rini ba ya rarrabewa sosai. A tsakiyar makula akwai wani ɗan da'ira da Allah ya halitta babu jijiya a cikinsa, faɗinsa wajen rabin milimita. In suga ya fara cin hanyoyin da ke kewaye da shi, da'irar takan faɗaɗa, bakinta ya yi gatsa-gatsa. Bincike ya nuna ana iya ganin irin wannan canji a wasu masu suga tun kafin su ji komai, wani lokaci tun kafin duban madubi ya nuna wata alama.

Amma kada mu mai da ita abin da ba ita ba. Mun san halinmu, da an ce sabuwar na'ura ta zo sai a ce ta tashi kan kowa. OCT-A tana nuna inda jini ke tafiya, ba ta nuna inda yake yoyo. Wannan har yanzu aikin hoton rini ne. Filin da take ɗauka a yawancin na'urori tsakiyar ido ne, alhali ɓarnar emasi can gefe ta fi yawa, don haka ba ta ɗauke ma mai emasi duban da ake yi bayan an buɗe baƙin ido ba. In yana ta yi kauri, ko jini ya riga ya cika ido, hasken ba ya ratsawa. In mutum ba ya iya tsai da idonsa, hoton yakan fito da zane-zanen ƙarya. Jinin da ke tafiya a hankali ƙwarai ma tana iya kasa ganinsa. Sannan hoto ne, ba magani ba ne. Sai an samu likitan da ya iya karanta shi, ya haɗa shi da sauran abin da ya gani.

To ina babbar ribarta? A ganinmu tana wuri ɗaya: ana iya maimaita ta. Tunda babu allura, babu rini, ana iya yin ta yau, a sake bayan wata uku, a sake baɗi, ga tsoho, ga mai ciki, ga mai ciwon ƙoda. Likita ya jera hoton bara da na bana ya ce: nan da jini ke bi, yanzu ya tsaya, ko ya ce alhamdu lillahi, babu abin da ya ƙaru. Waɗannan cututtuka na tafiya ne, hoto ɗaya yana faɗin inda mutum yake, hoto biyu ne ke faɗin inda ya dosa. Magungunan ma haka suke. Akwai leza da ake ƙona wurin da ya bushe don ya daina kiran sababbin jijiyoyi. Akwai allurar da ake yi cikin ido, irin su Avastin, wadda ke sa jijiyoyin banza su janye, kumburi ya sauka. Da farko sau da yawa wata-wata ake yin ta, kuma hoton OCT ne ke taimaka ma likita ya san ko a ci gaba ko a jinkirta. Duka tsarin an gina shi bisa zaton cewa mai ciwo zai dawo.

Nan fa gizo ke saƙa, don komawa ita ce abin da ya fi ba mu wuya. A danginmu akwai wata gwaggo mai suga da aka haɗa kuɗi aka kai ta wani babban gari, aka yi mata hoton ido, aka ce akwai alama amma da sauran dama, ta dawo bayan wata uku. Ta iso gida da takardu cikin leda. Wata uku suka cika ana tsakiyar damina, aka ce sai an gama noma. Aka gama noma, ga bikin ɗiya. Bayan biki kuɗin mota ya gagara, ita kuma ta ce ai tana gani, me za a je a yi? Sai da shekara biyu ta wuce, ido ɗaya ya rufe, sannan aka sake ɗaukar hanya. Takardun kuwa gara ta riga ta sha rabinsu a ƙasan akwati. A wani wurin daban aka duba ta, likitan bai da abin da zai gwada sabon hoton da shi. An yi ƙoƙari an riƙe ɗaya idon, wanda ya tafi kuwa ya tafi. Ba mu kawo wannan don a zargi kowa ba. Kowane gida da ke karanta mu yana da irin wannan labari, in ba na ido ba, na ƙafa ko na ƙoda.

Mun san uzurin gaskiya ne. Irin wannan na'ura tana da tsada ƙwarai, tana son kuran da ba ya yankewa, da ɗaki mai sanyi da ƙura ba ta shiga, da wanda zai gyara ta in ta lalace. Ba a CSI na ƙauye ake samun ta ba, sai manyan wuraren duba ido. Mutumin Dakoro ko Tanut ko Abalak da aka ce ya koma, an ce masa ne ya nemi kuɗin mota na mutum biyu, da masauki, da abinci, ya bar gona ko shago. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ce sakaci ne kawai bai san rayuwar mutane ba. Amma mu duba ɗaya gefen. Ranar da uba ya makance, yaro ɗaya zai bar lekol ya zama ɗan jagora. Ranar da tela ko direba ko mai sayar da kati ya daina ganin lamba, gida ɗaya ya rasa mai ciyar da shi. In aka auna, kuɗin randebu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuma ba sai an jira babbar na'ura ba kafin a fara. Matakin farko shi ne duban bayan ido na yau da kullum, wanda za ku ga an rubuta "fond d'œil" bisa takarda. A ɗiga magani, a jira baƙin ido ya buɗe, likita ya haska ya leƙa. Gani zai yi hazo na wasu awoyi, rana ta dame ka, don haka ranar kada ka tuƙa babur, ka zo da mai rakiya. Wannan duban shi ne zai nuna wa ke buƙatar OCT, wa ke buƙatar hoton rini, wa zai koma gida sai baɗi. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce: babban da aka gano yana da suga, a duba idonsa tun lokacin da aka gano, don ciwon kan daɗe a jiki kafin a sani, sannan a dinga maimaitawa, yawanci shekara-shekara. Yaro ko matashi mai irin sugan da ke buƙatar insulin tun farko, a fara cikin shekara biyar da kamuwa. Mace mai suga da ta samu ciki, a duba ta tun watannin farko, don ciki na iya hanzarta ɓarnar. Yaro mai emasi, ko SS ko SC, a fara duba shi daga shekara 10, a dinga sakewa duk shekara ɗaya ko biyu. Duk wannan ko da mutum yana gani garau.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. In ka ga baƙaƙen ɗigo sun ƙaru farat ɗaya suna yawo kamar ƙudaje ko yanar gizo, ko walƙiya a gefen ido, ko kamar an ja labule daga wani ɓangare, ko layin da ka san miƙaƙƙe ne kamar bakin ƙofa ya koma a karkace, to ranar ce ta zuwa likita. Kada a tsaya ɗiga tofi ko ruwan wani ganye, kada a tsaya canza lunet. Abin da ake ɗigawa a gaban ido ba ya gyara hanyar jinin da ta toshe a baya.

Wanda kuma Allah ya ba ikon yin hoton, ga ƴar shawara. Ka roƙi a ba ka kofi. Ka ɗauke shi da salula, kwanan watan ya fito sarai, ka tura ma ɗanka ko ƙanenka ya ajiye, don waya na ɓata. Ka tambayi likita abu uku kafin ka tashi: me aka gani, yaushe zan dawo, wace alama ce in na gani zan dawo kafin ranar? In da hali ka koma wurin da aka yi na farko, don awon na'urar wani kamfani ba ya yin daidai da na wani, gwadawar ta fi inganci in na'ura ɗaya ce. Ranar randebu kuma a rubuta ta inda duk gida zai gani, a fara tara kuɗin motar tun ranar da aka dawo, ko da ɗari-ɗari ne a asusu. Sannan kada a manta tushen: shan maganin suga da na tansiyo a kan lokaci shi ne ke kare waɗannan ƴan hanyoyi. Hoto mai ba da labari ne kawai.

Ga mahukunta da ƙungiyoyi ma muna da kira. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka. Wannan ya nuna in an dage shekara da shekaru ana cin nasara. Yanzu ga wata makantar tana tasowa tare da suga da tansiyo a biranenmu. Abin da muke fata shi ne duk inda ake ba mai suga ko mai emasi magani, a dinga tambayarsa yaushe rabonsa da duban ido, a rubuta cikin karne kamar yadda ake rubuta rigakafin yara. Hoton ido kuma abu ne da ke tafiya ta intanet: ana iya ɗauka a wannan gari, ƙwararre ya karanta a wancan, mai ciwo bai bar jiharsa ba. In za a sayi na'ura, a sayo ta tare da horon mai aiki da ita da tanadin gyaranta, kada ta zama kayan ado ƙarƙashin mayafi.

Jama'a, yawancin waɗanda wannan magana ta fi shafa ba su cikin wannan shafi. Suna gida bisa tabarma, iyayenmu ne da kakanninmu da ƙannenmu masu emasi. Ku da kuka karanta, ku karanta masu, ko ku faɗa masu da bakinku yau da dare bayan tuwo. Ku tambayi Baba ko Inna: tunda aka ce kina da suga, an taɓa leƙa bayan idonki? In amsar a'a ce, kun san aikin da ke gabanku cikin wannan wata.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.